Yaya Godelieve da Tankin da Ya Ɓule a Kan Tsauni

Shekara talatin da huɗu yayata Godelieve ta yi tana soya dankali a rumfarta da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta garinmu, Zottegem. Duk wanda ya tashi a garin ya ci daga hannunta, kuma ya sha faɗanta. Gajera ce, kakkaura, hannuwanta duk tabon fallatsin mai. In ta ɗaga murya ta ce "Na gaba!" har masu jiran jirgi a tsallake sai sun waiwayo. Ni ce ƙanwarta, Lutgart. Shekara biyar ta ba ni, kuma har yau da furfura ta gama da mu duka ba ta daina aikena ba.

Mahaifinmu dillalin dankali ne, yana da wata tsohuwar babbar mota. Da yake bai samu ɗa namiji ba, sai ya riƙa ɗora Godelieve a kan buhu a kujerar direba don ta iya hango gaba, tana zagaya filin bayan gida da ita. Kafin ta yi aure babu abin da ba ta iya juyawa da baya. Ta kuwa auri mutumin da ko kusa bai iya ba. Odiel mai raba wasiƙu ne, dogo, siriri, ba shi da yawan magana, shekara talatin da takwas yana zagaya ƙauyuka a kan keke. Sau uku ya je gwajin tuƙi. A na ukun ya haye shingen furanni da mai gwajin a gefensa, ya dawo gida ya ce shi daga yau duk abin da tayarsa ta wuce biyu ba ruwansa da shi. Dogo take ce masa, shi kuma ya ce mata Lieve. Abu guda ne yake sa shi surutu a duniya: tseren keke.

Da suka ajiye aiki, sai ta sayar da rumfar suka sayi mota mai ɗaki, ta hannu, wadda ta haura shekara ashirin. Akwai gado, da ɗan kicin, da banɗakin da sai mutum ya shiga da baya. Kowane watan Yuli sai su gangara Faransa, su hau tsauni kwana huɗu kafin masu tsere su iso, su kafa a lanƙwasa ta tara in an ƙirgo daga ƙasa. Ita ke tuƙi, shi yana riƙe da taswira a juye.

Shekarar da nake ba da labarinta, mijina ya rasu a watan Fabrairu. Na kulle kaina a gida, labule a sauke. Ranar wata Litinin sai ga Yaya ta shigo ba ko ƙwanƙwasawa, ta buɗe durowar kayana ta hau cusa riguna a jaka.

Na ce, "Yaya, ni fa ba inda zan je. Ban ma san kan tseren keken nan ba."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba, shekara shida ina zuwa. Ina takalmanki?"

Da muka isa lanƙwasar, wasu sun riga mu cin rabin wurinmu, dole ta hau da motar ta kan wasu duwatsu a gefen titi. Muka ji ƙarararr daga ƙasa.

Odiel ya ce, "Lieve, kin ji kuwa?"

Ta ce, "Na ji. Cikinka ne, tun safe ba ka ci komai ba."

Muka yi dariya, aka manta da zancen. Kwana biyu muka yi cikin nishaɗi. Motoci irin tamu sun jeru tun daga gindin tsaunin har ƙololuwa, kowa da tutarsa da kujerunsa na naɗewa. Maƙwabcinmu na dama wani mutumin Holan ne, Fedde, tsohon mai kula da injin jirgin ruwa, shi ma nan yake sauka duk shekara. Injiniya ake ce masa, kuma babu abin da za a ambata a gabansa bai ce ya taɓa gyara irinsa a tsakiyar teku ba.

Safiya ta uku, ana gobe tsere, na fito da kofin gahawa na tarar da Yaya tsaye a gefen mota tana shinshina iska.

Ta ce, "Lutgart, ajiye kofin nan. Je ki rufe tukunyar gas ɗin girki. Yanzu."

Na rufe na dawo na same ta a durƙushe. Ƙasar da ke ƙarƙashin motar ta yi baƙi ƙirin, faɗin faranti, ga wani siririn layi ya fara gangarowa ya nufi kwalta. Saura taku uku ya kai. Dizal ne, yana ɗiga ɗis, ɗis, ba sauri ba tsayawa. Ko ni da ban san tsere ba na gane abin da ake ciki: gobe mutum ɗari da wani abu za su biyo ta wannan lanƙwasa a kan tayoyi masu kaurin yatsa.

Odiel ya fito, ya duba. Ya ce, "Shi ke nan. Ni ne zan kayar da su. Har abada sunana ya ɓaci."

"Sunanka wa ya sani, Dogo? Miƙo min kasko."

"Wane kaskon?"

"Kasko nawa gare ni?"

Babban kaskon suyarta take nufi, na baƙin ƙarfe, abu ɗaya da ta ƙi sayarwa tare da rumfar. Odiel ya tsaya riƙe da shi yana kallonta, don ya san in dizal ya shiga ba za a ƙara soya komai a ciki ba. Ta fizge ta tura shi ƙarƙashin ɗigon ba tare da ta kalle shi ba. Sannan ta ɗauki matsami, ni na ɗauki abin kwashe shara, muka haƙa ɗan rami a gaban layin man, muka yi masa shinge da ƙasa.

Kafin mu miƙe maza sun kewaye mu. Ban san yadda labari ya zaga ba, amma sai da na ƙirga goma sha ɗaya, kowa hannu a ƙugu yana leƙen ƙarƙashin mota ba tare da ya sunkuya ba. Wani ya ce a goga sabulu a wurin da ke ɗigar. Wani ya ce cingam ya fi. Wani mai jan gemu, da taba a bakinsa, ya ce yana da ɗan injin walda, minti biyar ya ishe shi.

Yaya ta juyo ta dube shi tun daga takalmi har gemu. Ta ce, "Walda? A jikin tankin mai? Ɗan'uwa, in kana son ka riga masu keke isa ƙololuwar tsaunin nan, ka yi da motarka. Kuma ɗauki tabarka ka koma can bayan dutsen can."

Aka fashe da dariya, mai gemu ya ja baya yana gunaguni. Ta sa aka janye murhunan gasa nama biyu da ke kusa da mu, sannan ta shimfiɗa kwali, ta ɗaure kanta da tsumma, ta kwanta rigingine ta ja jiki ta shige da tocila a haƙori. Shekarunta sittin da takwas a lokacin. Ƙafafunta kaɗai muke gani, da silifas ɗinta masu ruwan hoda.

Fedde ya sunkuyo ya ce, "Godelieve, bari in gaya miki, mahaɗar tiyo ce. Na taɓa ganin irinsa sak a gaɓar Afirka ta Kudu."

Muryarta ta fito daga ƙasa: "Ba tiyo ba ne, Injiniya. Maɗaurin ƙarfen da ya riƙe tankin ne ya goce da muka hau dutse. Duk ƙarƙashinsa tsatsa ce ta cinye, ga rami nan kamar kan ashana."

"To ai abin da nake shirin faɗa ke nan."

"Na sani. Kai kullum kana shirin faɗa."

Ta fito, hancinta baƙi. Ramin yana can ƙasa-ƙasa, don haka sai an kwashe man kaf kafin a toshe, ga shi lita arba'in ne a ciki ko fiye. Kiran motar da ke jan motocin da suka lalace kuwa ba shi da amfani, titin ya cushe, da yamma kuma za a rufe shi sai bayan tsere. A nan ne Fedde ya yi rana, don yana da ɗan famfon hannu da doguwar mesa, kuma ya san irin gam ɗin da ake bukata: wani mai kama da ƙullin fulawa, kala biyu, ana murza su tare a liƙa, ya daskare kamar ƙarfe. Sai dai babu mai shi a duk lanƙwasar. Sai a shagon kayan gini na garin da ke kwari, kilomita goma sha huɗu.

Odiel ya yi gyaran murya. Ya ce, "Zan je."

Kullum tsohon kekensa na aiki yana ɗaure a bayan motar, mai nauyin tsiya, da kwando a gaba. Gangarowa ba komai ba ne. Hawowa ce matsalar, ga mutum mai shekara saba'in da ɗaya.

Fedde ya ce, "Ɗauki nawa, mai batir ne, ko gumi ba za ka yi ba."

Odiel ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. "Keke mai batir? A kan wannan tsaunin? Gara in je da rarrafe."

Yaya ta buɗe baki za ta hana, sai ta ga fuskarsa ta fasa. Ta cusa masa maganinsa na hawan jini a aljihu, da gorar ruwa biyu, da takarda: gam, samfefa, da buhun yashin da ake zuba wa kyanwa, don ya tsotse man da ya zube. Ta ce, "In ka gaji ka sauka ka tura. Ba mai ba ka kofi." Ya danna hularsa ya gangara.

Mu kuma muka hau kwasar mai. Fedde yana buga famfo, ni ina riƙe da mesa, Yaya tana canja jarkoki. Jarka biyu kawai muka samu aro, suka cika, saura kusan rabi. Sai ta tsaya a tsakiyar fili ta ɗaga muryar nan tata ta rumfa: "Wa tankinsa yake da wuri? Dizal kyauta! A zo da mota ɗaya-ɗaya ba turereniya!" Ba a matsa da mota ko ɗaya ba, don wanda ya matsa ya rasa wurinsa, jarka muka riƙa kaiwa muna juyewa muna dawowa. Har mai jan gemu ya samu lita biyar, ya zo yana godiya, ba taba a bakinsa.

Ana cikin haka sai ga jandarmomi biyu, wato 'yan sandan can, a kan babura suna hawowa a hankali suna duba gefen titi. Fedde ya yi maza ya ja kujera ya rufe baƙar ƙasar, ya ce da Yaya ƙasa-ƙasa, "Kada ki ce komai. Za su kore ku."

Yaya ta ture kujerar da ƙafa, ta shiga titi ta ɗaga hannu. Faransancinta na kasuwa ne, rabi da baki rabi da hannu, amma ta nuna musu komai: kasko, rami, shinge, jarkoki. Babbar cikinsu mace ce. Ta cire hular kwano, ta durƙusa ta haska ƙarƙashin motar, ta taɓa kwaltar da yatsa ta shinshina. Ta tambaya wa ya tsara wannan aikin. Maza goma sha ɗaya suka gyara tsayuwa. Yaya ta nuna kanta da babban yatsa.

Jandarmar ta yi waya, bayan kamar awa guda 'yan kwana-kwana suka zo da ƙaramar motarsu. Suka kwashe ƙasar da ta jiƙe a buhuna, suka barbaɗa wani farin gari, suka ce kada a tayar da injin, kada a kunna wuta kusa, kuma ranar da aka buɗe titi gareji za mu nufa kai tsaye. Ba wanda ya kore mu.

Ƙarfe ɗaya ta yi, biyu ta yi, babu Odiel. Yaya ta ce ita ba ta damu ba, ta san shi, yana can yana hira da mai shago. Amma sau shida na ga ta je bakin lanƙwasa wai za ta zubar da ruwan wanke-wanke, alhali bokitin babu komai. Ta kira wayarsa, sai muka ji tana ƙara a cikin mota, a ƙarƙashin taswira.

Wajen ƙarfe uku muka fara jin hayaniya daga ƙasa, ƙararrawa da ƙaho da tafi, tana matsowa lanƙwasa bayan lanƙwasa. Mutanen da suka kwana uku suna jiran masu keke duk wanda ya hawo yi masa ihu suke yi, amma wannan ihun ya fi na kullum. Muka ruga bakin titi. Sai ga shi. Dogo ne, a miƙe kan feda, yana layi dama da hagu, buhun yashin kyanwa ɗaure a bayansa, samfefa ta leƙo daga kwando. Wasu ƙarti biyu sanye da kayan saniya suna gudu a gefensa suna yi masa kirari, wata mata tana watsa masa ruwa a kai. Ashe tun daga lanƙwasa ta biyu labari ya riga shi hawa, cewa tsohon nan gam ya sayo don ya ceci titin.

Yaya ta manta da ni, ta manta da kowa. Ta shiga tsakiyar titi da silifas tana ihu har muryarta ta dishe: "Taka, Dogo! Taka mana, ɗan tsohon nan! Saura kaɗan!"

Ya iso ya tsaya, muka riƙe keken, aka sauko da shi aka zaunar a kujera. Ruwa na zuba a fuskarsa, ba duka ne gumi ba. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Lieve, ban sauka ba. Ko sau ɗaya ban sa ƙafa a ƙasa ba."

Ta goge masa fuska da gefen rigarta. Ta ce, "Na gani. Ina canjin gam ɗin, kala biyun ka sayo ko?"

Ya sayo daidai, har guda biyu. Fedde ya so ya liƙa nan take, ta ce a'a. Ita ta san maiƙo fiye da kowa a tsaunin nan, kuma ba abin da yake kama jikin ƙarfe mai maiƙo. Ta wanke wurin da ruwan zafi da soda sau uku, ta goge, ta kankare da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ta sake wankewa, ta bar shi ya bushe. Sannan ta murza gam ɗin a tafin hannu har kalolin suka zama ɗaya, ta danna shi a ramin da kewayensa, ta riƙe da babban yatsa tana ƙirgawa a fili. Fedde ya mayar da maɗaurin ya ɗaure da sifana. Da ya fito ya ce, "Da a jirgina kike da na ba ki aiki."

Ta ce, "Da a rumfata kake da feraya kawai zan ba ka."

Washegari da safe muka juye jarka ɗaya a tankin, ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Awa ɗaya, awa biyu, takarda fes. Ta aro tukunya, ta kafa murhu can nesa a bayan motar Fedde, ta soya dankali ga duk wanda ya taimaka da wanda ya ba da shawara kawai, tana ta mitar cewa tukunyar mutanen Holan ko ruwan zafi ba ta iya riƙewa. Masu tseren suka iso da la'asar. Kwana huɗu muna jiransu, cikin minti kaɗan na gaba suka wuce. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma na tsinci kaina a bakin titi ina tsalle ina kururuwa da cokali a hannu. Yaya ta dube ni ta gefen ido, ta ƙara min dankali a takarda.

Da aka buɗe titi muka gangara a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, muka shiga garejin wani bakanike mai suna Gachet a bakin garin. Ya ɗaga motar, ya ƙwanƙwasa facin da guduma, ya jinjina kai. Ya ce aikin ya yi kyau, amma tankin ya gama yayi, duk cikinsa tsatsa ce, in an toshe nan gobe can zai ɓule. Sabo kuma an daina yi, sai dai a nemo a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Yaya ba ta yi musu ba. Ta ce ita ma da ta kankare ta ji ƙarfen ya yi laushi kamar biskit.

Kwana tara muka yi a harabar garejin muna jiran tanki, tsakanin tsofaffin tayoyi da wata bishiyar goro irin ta can mai inuwa. Odiel bai iya sauka daga matakalar mota ba sai da baya, yana nishi, amma duk wanda ya kawo gyara sai ya ji labarin hawan nan, kuma kullum buhun yashin ƙara nauyi yake yi. Yaya ta gaji da zama tun rana ta biyu. Ta share garejin, ta jera wa Gachet sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya yini yana neman abin da a baya yake ɗaukowa da ido rufe. A rana ta biyar ya roƙe ni in ja ta yawo ko'ina ne. Muka je kasuwar garin, ta yi faɗa da mai sayar da dankali a kan irin da ya dace da suya, suka rabu suna sumbatar kumatun juna.

Tankin ya iso ranar Alhamis, aka ɗaura shi ranar Juma'a. Gachet ya fito har bakin titi yana ɗaga mana hannu da fara'ar da ban ga ya yi ba duk kwanakin nan. Mun yi nisa kaɗan sai Odiel ya buɗe taswira ya ce a mahaɗar gaba hagu za mu yi. Yaya ta kunna sigina ta yi dama, muka kama hanyar gida.